Faranti ne, allo ne, ko ƙarfe? Kalma ɗaya da kowace sana'a ta ja gefenta

Malam Nasiru: Assalamu alaikum. Jama'a ina neman shawara. Ina shirya wa ɗalibai darasi da Hausa kan abin da ke haddasa girgizar ƙasa, sai na ci karo da kalmar nan ta Turanci, plate, wadda masana ke kiran manyan ɓangarorin ɓawon duniya da ita. Ƙamus ya ce faranti. To amma in na tsaya gaban aji na ce farantin Larabawa yana rabuwa da farantin Afirka, na san dariya za a yi, don abin zuba abinci yaro zai gani a ransa. Me ya kamata mu kira abin nan?

Sabo Bakanike: Wa alaikumus salam, Malam. Ai ba ku kaɗai abin ya dama ba. Mu a gareji filet muke cewa, kuma filet ɗin ma ba ɗaya ba ne. Akwai na kuloci, akwai na cikin batir, ita kanta lambar mota Bature da wannan sunan yake kiranta. Tun da nake ban taɓa jin direba ya ce farantin kulocinsa ya cinye ba.

Auwal: Ni a ganina a ce faranti kawai a wuce wurin. Shi ɗan Baturen da aka fara gaya wa haka a aji, kuna tsammani bai yi dariya ba? Ya yi, ya gama, ya saba.

Malama Rabi: Auwal, da wuya ya yi dariyar da kake zato, kuma a nan ƙullin yake. Asalin kalmar daga Girkanci ne, inda take nufin abu mai faɗi, shimfiɗaɗɗe. Ta bi ta Latin ta shiga Faransanci, daga can Ingilishi ya are ta wajen ƙarni na 13. Lokacin da ta shigo ba abin cin abinci take nufi ba, fallen ƙarfe take nufi, musamman zinariya ko azurfa da aka buge ta yi faɗi. Da yake da irin wannan ƙarfe ake ƙera wa masu hali kayan tebur, sai sunan ya bi kayan, daga baya ya sauko har kan na tangaran. Saboda haka in Bature ya kira ƙarfen jikin jirgin ruwa da wannan suna, ba aron sunan abin abinci ya yi ba, gidan asali ya koma. Mu kuwa faranti tun da muka buɗe ido mun san shi zagayayye, mai ɗan zurfi, da abinci a kai. Tasu kalmar a maƙera aka haife ta, ta shiga kicin daga baya. Tamu a kicin take tun fil azal. Shi ya sa tasu ke iya yawo sana'a-sana'a, tamu in ta fito waje sai ta yi bambaraƙwai.

Auwal: Allah ya ƙara basira, Malama, amma ban yarda ba tukuna. Kwano fa? Kwanon cin abinci, kwanon awo, kwanon rufin ɗaki. Wa aka taɓa aika sayen kwanon rufi ya dawo da na miya? Muna cewa bakin kogi, bakin wuƙa, idon sawu, kan gado. Harshen da ya ba kogi baki ba zai gaza ba ƙasa faranti ba.

Malama Rabi: Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban musa ba. Sai dai kwanon rufi ba malami ne ya zauna ya laƙaba masa suna ba. Mutane ne suka ga ƙarfen, suka ƙwanƙwasa, suka ji irin ƙarfen kwano ne, sunan ya kama da kansa. Abin da Malam Nasiru ke magana a kai ba wanda zai gani da ido balle ya ƙwanƙwasa. Sunan da aka ba shi shi ne kaɗai hoton da yaro zai samu. In hoton ya karkace, fahimtar ta karkace.

Injiniya Bello: Ku ba ni dama in faɗi abin da ake son sunan ya ɗauka, sai a gwada kowace kalma a kai a gani.

Na farko, abin nan ba zagayayye ba ne, kuma ba shi da gefe mai santsi. Saman duniya, wato ɓawon da muke takawa haɗe da ɗan abin da ke manne a ƙarƙashinsa, dutse ne mai tauri da kaurinsa ya kai kimanin kilomita 100, wani wuri ya fi, wani wuri bai kai ba. Wannan dutsen a tsattsage yake: manya guda bakwai, da ƙanana masu yawa. Kowanne yana zamewa a kan wani dutse mai zafi da ke ƙasa da shi. Malam, a kiyaye wannan wurin, don littattafai da yawa suna sa yara su ɗauka a kan ruwan narkakken dutse suke iyo. Ba ruwa ba ne, dutse ne, sai dai zafi da nauyi sun sa yana nausawa a hankali cikin dubban shekaru.

Na biyu, ba nahiya ba ce. Na Afirka ya haɗa da nahiyar da kuma kusan rabin ƙasan tekun Atlantika ta kudu. Mafi girma duka shi ne na Fasifik, kuma kusan gaba ɗayansa a ƙarƙashin ruwa yake.

Na uku, duk labarin a gefe yake. Tafiyar 'yan santimita ce a shekara, kwatankwacin yadda farce ke tsawo, amma inda biyu suka haɗu abin ba wasa ba ne. Inda suke rabuwa sai teku ta buɗe, kamar Bahar Maliya tsakanin Afirka da yankin Larabawa. Inda suka yi karo sai ƙasa ta tattare ta yi sama: na Indiya ya daki na Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, abin da ya tayar da duwatsun Himalaya ke nan, kuma har yau turawa yake. Inda suke gogar juna kuwa sai su maƙale shekara da shekaru, ƙarfi yana taruwa, ranar da suka kuɓuce ƙasa ta girgiza. Abin da ya faru ke nan a kudancin Turkiyya da arewacin Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, a kan iyakar na Larabawa da na Anatoliya. Ƙarfinta maki 7.8, mutum fiye da 50,000 suka rasu.

To sunan da muke nema sai ya nuna abu mai faɗi, mai tauri, mai gefe. Faranti ya faɗi a jarrabawa tun daga zagayen.

Alhaji Tijjani: Injiniya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma kada a koya wa yara kamar dutse ne ke yin gaban kansa. Girgizar ƙasa ikon Allah ce.

Injiniya Bello: Ko shakka babu, ranka ya daɗe. Ruwan sama ma ikonSa ne, amma muna koyar da yadda hadari ke haɗuwa. Sababi muke bayani.

Malam Nasiru: Na gode ƙwarai, Injiniya. Zan ma saka musu labarin Alfred Wegener, Bajamushen da ya ce a 1912 nahiyoyi a haɗe suke da, suka rabu. Ya nuna yadda gaɓar Kudancin Amurka ke shiga gaɓar yammacin Afirka, da yadda aka samu ƙasusuwan dabba iri ɗaya a Brazil da kudancin Afirka. Masana suka ce to me ke tura nahiya, ya kasa ba da amsa mai gamsarwa, aka yi watsi da shi. Ya mutu a ƙanƙarar Girinlan a 1930, sai a shekarun 1960 da aka auna ƙasan teku aka gane yana da gaskiya. Yanzu dai suna: allo fa?

Malama Rabi: Allo ya fi faranti nesa ba kusa ba. Yana da faɗi, yana da tauri, ba shi da zurfi. Aibinsa ɗaya, abin rubutu ne, kuma a aji za ka faɗe shi, kana tsaye gaban allo.

Baba Garba: Yara, kuna ta kewaye-kewaye ga kalma a gabanku. Falale. Falalen dutse. Duk wanda ya taɓa taka shimfiɗaɗɗen dutse mai faɗi ya san shi, ya san yana tsagewa, ya san ba ya lanƙwasa. Ku ce duniya falale bakwai ce manya da ke gogar juna.

Injiniya Bello: Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi ta zauna. Ta ma fi ta Turancin, don ita ta faɗi cewa dutse ne.

Auwal: Ranar jarrabawa kuma da Turanci za a tambayi yaron, ya ga kalmar da bai taɓa haɗawa da falale ba.

Malam Nasiru: Wannan aikina ne, Auwal. Zan rubuta falale, in gaya musu sunan Turancin da baki sau ɗaya, in zana taswira. Na ɗauki ta Baba.

Sabo Bakanike: To tunda an sallami Malam, ku bar ni in yi nawa ƙorafin, don mu sunan ɗaya ne ke jawo mana rigima da masu mota. Na kuloci biyu ne. Akwai wani zagayayye mai fata a fuska biyu, shi ne ke cinyewa. Akwai kuma mai sifirin da ke danne shi a jikin fulawil, wato babban faifan ƙarfen da inji ke juyawa. In ka taka kuloci mai dannewar ya saki, inji ya rabu da giya, ka canja. In ka ɗaga ƙafa ya sake damƙewa. Direban da ke ɗora ƙafa a kai yana tafiya, ko yake riƙe mota da rabin kuloci a hawa, shi ke ƙona fatar. Za ka ji ƙauri, sannan ka taka totur inji yana ihu mota ba ta ja. Sai ka ce wa mutum filet ɗinsa ya tafi, ya sayo na fatar kaɗai, a kwance giyabos a tarar mai dannewar ma ya yi shuɗi don zafi, sifirin ya saki. Ya ce ai ka ce filet. Eh, na ce, amma wanne?

Na batir kuma daban. In ka fasa tsohon batir za ka ga ɗaki shida, kowanne da fallayen darma a jere kamar raga, wasu ruwan ƙasa-ƙasa wasu toka-toka, da wani siririn abu a tsakani don kada su taɓa juna, duk a cikin ruwan asid. Kowane ɗaki volt 2 da ɗan ɗoriya, su shida su ba ka 12 da wani abu. In aka bar batir ya sauka ya daɗe a haka, sai wani farin abu ya daskare a jikin fallayen, ko ka kwana kana caji ba zai riƙe ba. Wani lokacin kuma garin darmar ne ke zubewa ƙasan ɗakin har ya haɗa fallaye biyu, ɗaki guda ya mutu.

Injiniya Bello: Ka kwatanta shi daidai, Oga Sabo. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro irin wannan batir a 1859, kuma har yau tsarin bai sauya sosai ba. Dalilin yin su fallaye shi ne a samu fuska mai yawa da asid zai taɓa. Yawan fuskar shi ke ba da ƙarfin da zai juya inji da sanyin safiya.

Auwal: Ita lambar mota ai mun huta, ba mu damu da ƙarfen ba, abin da aka rubuta muka kira.

Malama Rabi: Ka ga abin da nake faɗa. Bahaushe ya dubi aikin, Bature ya dubi siffar.

Injiniya Bello: Kuma aikin ne ke da daraja. A birnin Faris aka fara tilasta saka lamba a 1893. A jihar New York ta Amurka, da aka kafa dokar a 1901, mai mota ne ke yin abarsa da kansa, ya saka haruffan farko na sunansa. A 2023 kuwa an yi gwanjon lamba P 7 a Dubai, ta tashi dirhami miliyan 55. Ƙarfen da aka buga ta a kai ko kuɗin man kwana ɗaya bai kai ba.

Alhaji Tijjani: Malama, zan ɗan ja da maganar siffa, don namu na ɗab'i in yana aiki ba shimfiɗaɗɗe ba ne ma. Siririn fallen alminiyam ne, ana fito da shi a miƙe, amma sai an naɗe shi a jikin wani gangan ƙarfe kafin inji ya tashi. Kuma in ka shafa shi ba za ka ji tudun harafi ko ɗaya ba, sumul yake. Sirrin shi ne mai da ruwa ba sa haɗuwa. Wurin da rubutu yake an yi shi ya kama tawada, wadda mai ce, sauran wurin ya kama ruwa ya ƙi tawada. Daga nan tawadar ta hau kan wani gangan roba, robar ce ke taɓa takarda. In aikin mai launi ne sai an yi guda huɗu: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. Takarda ta bi ta ƙarƙashin kowanne bi da bi. In ɗaya ya goce ko da kaurin gashi ne, za ka ga fuskar mutum a fasta da inuwa ja a gefen kunne. Kowa ya taɓa ganin irin wannan, shi ne dalilin. Asalin dabarar ma a kan dutse aka fara ta, wani Bajamushe Alois Senefelder a 1796, yana rubutu da abu mai maiƙo a kan farar ƙasa mai tauri. To ku gaya mini, abin da ke naɗe a ganga yana juyi, faranti ne ko allo?

Malama Rabi: Allah ya ja zamanin Alhaji, allo ne, tunda rubutu yake ɗauka. Allon ɗab'i. Naɗewar ba ta raba shi da sunan ba.

Alhaji Tijjani: Ba laifi a takarda. Amma in na shiga na ce wa yarana a kawo allon baƙi, sai dai su tsaya suna kallona. Filet suka sani.

Baba Garba: Haka masu hoto na da. Kafin fim, a kan ƙarfe da gilashi ake ɗaukar hoto. Na farkon da ya bazu, wanda Louis Daguerre ya fito da shi a Faransa a 1839, fallen jan ƙarfe ne da aka shafe da azurfa aka goge har yana ɗaukar ido. Hoto ɗaya tak yake bayarwa, ba a wanke na biyu. Daga baya aka koma gilashi mai magani. Masu duban taurari su suka fi daɗewa da gilashin, don ba ya miƙewa ba ya tattarewa, abin da ka auna a kansa yau shi za ka auna bayan shekara hamsin. Da shi aka gano Pluto, wata 'yar ƙaramar duniya mai kewaya rana daga nesa, a 1930. Wani saurayi, Clyde Tombaugh, a wata cibiyar duban taurari a Arizona, ya ɗauki hoton gefe ɗaya na sama a dare biyu da 'yan kwanaki a tsakani, ya riƙa kallon gilasan biyu ɗaya bayan ɗaya da sauri. Dubban ɗigo suna nan inda suke, guda ɗaya ya matsa. Shi ke nan.

Hajiya Lami: Ni duk wannan bai dame ni ba kamar yadda ake cutar mata da kalmar nan. A jikin kwalin sarƙa sai a rubuta gwal da manyan baƙaƙe, a ƙasa a saka ita wannan kalmar ƙanana. Wadda ba ta sani ba ta ɗauka gwal ta saya. Alhali ruwan gwal ne kawai aka yi wa jan ƙarfe ko azurfa. Wata shida wuya ya fara yin kore.

Injiniya Bello: Gaskiya ne, Hajiya. A nan kalmar ta tashi daga suna ta koma aiki, wato a lulluɓe wani ƙarfe da wani. Ana tsoma sarƙar a ruwan da aka narkar da sinadarin zinariya, a saki wutar lantarki, zinariyar ta riƙa mannewa. Kaurin da ke hawa sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, gumi da turare suna cinye shi. Lambar zinariya ta gasar Olamfik ma haka take: azurfa ce, ƙa'ida ta ce a lulluɓe ta da aƙalla giram 6 na zinariya. Rabon da a ba da ta zinariya zalla tun gasar Stockholm ta 1912.

Hajiya Lami: To ka ji. Mu dai ruwan gwal muke cewa, kuma ta fi gaskiya, don duk wadda ta ji ruwa ta san zai wanke.

Auwal: Tambaya ɗaya ta 'yan ƙwallo. Ƙungiyar River Plate ta Ajantina fa, kogin faranti ke nan?

Malama Rabi: Kogin azurfa. A Sifaniyanci kalmar nan ta tsaya a kan azurfa, har kuɗi ma da ita ake kira a ƙasashe da yawa na Kudancin Amurka. Turawan Sifaniya sun raɗa wa babban kogin da Buenos Aires ke bakinsa sunan azurfa saboda suna kyautata zaton zai kai su inda take, Ingilishi kuma ya mayar da sunan irin nasa. Ita kanta Ajantina daga sunan azurfa na Latin aka samo ta. Har ƙarfen nan mai tsada, filatinam, daga nan sunansa ya fito: masu haƙar zinariya a Kolombiya sun riƙa cin karo da shi yana ɓata musu aiki, suka kira shi 'yar azurfa don raini.

Dakta Hauwa: Salamu alaikum, sai yanzu na samu zama, na tarar an yi nisa. Mu a asibiti mun fi kowa tara su. Akwai ɗan kwanon gilashi mai murfi da ake shuka ƙwayoyin cuta a ciki, wanda Julius Petri ya tsara a 1887. Wannan kam ko an ce faranti ba a yi ƙarya ba, a irinsa Alexander Fleming ya ga fumfuna ta kashe ƙwayoyin cuta a 1928, aka samu fenisilin. Akwai ƙananan ƙwayoyin jini masu tsayar da zubar jini, su ma sunansu na Turanci ƙaramin faranti yake nufi. Lafiyayyen mutum yana da 150,000 zuwa 450,000 a ɗigon da bai kai kan allura ba, kuma kowacce ba ta wuce kwana goma a jiki. Ni ban taɓa ce wa majiyyaci farantan jininsa sun yi ƙasa ba. Cewa nake ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun ragu, shi ya sa dasashi ke jini. Nan take yake ganewa.

Auwal, ga taka ribar kuma: ƙashin gaban gwiwa a Latin sunansa ƙaramin kasko, mu muka ce ƙoƙon gwiwa. Ba wanda ya kwaikwayi wani, kowa ya duba ya ga mazubi.

Auwal: Alhamdu lillahi, na samu mai goya mini baya ko da rabi ne.

Hajiya Lami: Likita, tunda kin zo. Ƙanena ya karye a hannu aka yi masa aiki, takardar ta ce an saka wannan abin, mu dai cewa muke an sa masa ƙarfe. Dole ne sai an cire? Wasu na cewa yana tsatsa a jiki.

Dakta Hauwa: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. "An sa masa ƙarfe" ita ce fassarar, ba ta buƙatar gyara. Siririn ƙarfe ne dogo mai huji-huji, ana kwantar da shi a jikin ƙashin a ɗaure da kusoshi masu zare ta kowane gefen karayar. Ba shi ke haɗa ƙashi ba, riƙewa kawai yake kada ya motsa, ƙashin ne ke ɗinke kansa. Tun 1886 wani likita a Hamburg, Carl Hansmann, ya gwada haka, amma ƙarafan farko sun sha ba da matsala, sai bayan da wasu likitocin Suwizalan suka kafa ƙungiya a 1958 suka daidaita kayan da hanyar aikin abin ya zauna. Na yanzu da ƙarfe marar tsatsa ake yi ko taitaniyam. Ga babba, in ba ya ciwo, ba ya gogar jijiya, ba ƙwayar cuta, galibi barinsa ake yi, don cirewar ma wata tiyata ce, kuma ramukan kusoshin kan bar ƙashin da rauni na ɗan lokaci. Likitan da ya yi aikin shi zai yanke. Abin da zai riƙe shi ne ya faɗa duk lokacin da za a saka shi a na'urar hoto mai maganaɗisu.

Sabo Bakanike: Ashe ku ma walda kuke yi, Likita, sai dai ba wuta.

Dakta Hauwa: Har da sukundireba, Oga Sabo. Amma wanda na fi so iyaye su sani shi ne na ƙashin yara, wanda shi ma wannan sunan Turawa suka ba shi. Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani siririn faifan guringuntsi, daga nan ƙashi ke ƙara tsawo. Ni matsirar ƙashi nake ce masa. Yana rufewa ya zama ƙashi bayan balaga, 'yan mata wajen shekara 13 zuwa 15, maza 15 zuwa 17, daga nan tsawo ya tsaya. Kafin ya rufe shi ne wuri mafi rauni a gaɓar, ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi saurin ɓallewa. Faɗuwar da za ta ba babba targaɗe, yaro a nan take karya shi. In ya goce ba a mayar daidai ba, hannun ko ƙafar na iya gajarcewa ko ta karkace, kuma ba a lokacin za a gani ba, sai bayan shekara ɗaya ko biyu.

Hajiya Lami: To ta yaya uwa za ta bambance shi da targaɗe?

Dakta Hauwa: Da ido ba za ta iya ba. In yaro ya faɗi, wuyan hannu ko idon sawu ya kumbura, ya ƙi takawa ko ya ƙi a taɓa daidai kan ƙashin, kada a ja, kada a murza. A ɗaure shi yadda yake da wani abu mai tauri a kai shi a ɗauki hoto. A hoton ma wurin kan fito kamar baƙin layi ko a lafiyayyen yaro, shi ya sa wani lokacin muke ɗaukar ɗaya hannun mu gwada su gefe da gefe.